Zama a Gidan Sororiti a Jami'o'in Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwar Ciki da Kuɗin da Take Ci

A ƙarshen kowane hutun shekara, galibi cikin watan Agusta, dubban 'yan mata sababbin shiga jami'a a Amurka kan yi layi a ƙofar wasu manyan gidaje masu ginshiƙai da aka liƙa wa haruffan Girkanci a goshi, kowacce na fatan a karɓe ta. Tun 2021 da bidiyon 'yan matan Jami'ar Alabama ya cika TikTok, har wanda bai taɓa taka Amurka ba ya ga yadda abin yake daga waje. An tsara waɗannan amsoshi ne domin ɗalibar da ta sami gurbin karatu a can, da iyayen da kuɗin zai fito daga aljihunsu.

Mece ce sororiti? Wani nau'in hostel ne?

A'a. Ƙungiya ce ta ɗalibai mata, gidan kuwa dukiyar ƙungiyar ne ko hayarta. Ba wadda za ta je da kuɗinta ta ce a ba ta ɗaki. Sai an zaɓe ki kin zama 'yar ƙungiya, kin fara biyan kuɗin ƙungiya, sannan maganar gado ta taso. Duk wanda bai riƙe wannan ba, lissafinsa zai karkace tun daga farko.

Abin ya daɗe. A 1851 wasu ɗalibai mata a Kwalejin Wesleyan da ke Macon a jihar Jojiya suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Alpha Delta Pi. A 1870 aka kafa Kappa Alpha Theta a jihar Indiyana. A lokacin mata ƙalilan ne a jami'a, maza kuma ba su yi maraba da su ba, sai suka haɗa kai suna rufa wa juna asiri. Yau akwai manyan ƙungiyoyi 26 a ƙarƙashin inuwar National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902, kowacce da hedkwatarta da rassanta a jami'o'i da dama. Su ne mafi yawan masu gidajen da ake gani a hoto.

Ba irin ƙungiyoyin asirin jami'o'in Najeriya ba ne?

Wannan ce tambayar farko a bakin kowane uba, kuma yana da hujja. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Ibadan, ba da niyyar zubar da jini ba, amma kowa ya san inda waɗanda suka ɓalle daga baya suka kai al'amarin.

Sororiti a fili take. Jami'a ta san da ita, akwai ofishi na musamman da ke kula da ita, sunayen shugabanni a rubuce suke, jami'o'i da yawa ma kan wallafa matsakaicin makin kowace ƙungiya a ƙarshen zango. Iyaye kan ziyarci gidan, akan ware musu ranarsu. Abin da ke ɓoye shi ne bikin rantsar da sababbin shiga, da ma'anar haruffan Girkancin da ke sunan ƙungiyar, da wata gaisuwar hannu ko kalmar da suke gane juna da ita.

Sai dai kada a wanke su tas. Akwai al'adar wahalar da sababbin shiga: tilasta shan giya, hana barci, cin mutunci. Ta fi muni a ƙungiyoyin maza, inda aka yi asarar rayuka, kamar Timothy Piazza da ya rasu a Jami'ar Penn State a 2017. Na mata ma ba su kuɓuta ba. Yawancin jihohi sun haramta wannan, kuma a Disambar 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka. Kafin 'yarku ta nemi shiga, ku duba shafin jami'ar ku ga ko an taɓa hukunta reshen da take so.

Kowace ƙungiya tana da gida?

Ba kowacce ba. A wasu jami'o'in, hawa ɗaya na hostel ake ware musu, a wasu kuma ɗakin taro kawai. Akwai jami'o'in da ba su da tsarin ma sam, kamar Notre Dame da Rice. Katafaren gida ya fi yawa a manyan jami'o'in gwamnati na Kudu da na tsakiyar ƙasar, irin su Alabama, Mississippi, Indiyana da Illinois.

Yaya ake shiga?

Akan yi kusan mako guda ana tantancewa. Ɗaliba ta biya kuɗin rajista, a zagaya da ita dukkan gidajen. Kowace rana gidajen na rage sunayen waɗanda za su sake gayyata, ita ma tana jera waɗanda ta fi so, har a zo zagayen ƙarshe inda gida biyu kawai za ta je. Washegari a miƙa mata ambulan ɗauke da sunan ƙungiyar da ta ɗauke ta. Nan ne ake ganin ihu da gudu da rungume-rungumen da ke yawo a waya. Wasu kuma ana kiransu tun tsakiyar mako a shaida musu ba gidan da ya sake gayyatarsu. Su ba a ɗaukarsu bidiyo.

Abu biyu ne ya kamata ki sani. Takardar da za ki sa wa hannu a daren ƙarshe alkawari ce: idan aka ba ki ɗaya daga cikin waɗanda kika rubuta kika ƙi, sai ki jira babbar tantancewa ta gaba. Kuma da zarar an rantsar da ke a ɗaya daga cikin 26 ɗin nan, ba ki da damar shiga wata a cikinsu har abada, ko da kin fita.

Da an karɓe ni sai in tare?

Da wuya. Jami'o'i da yawa sun wajabta wa 'yan aji ɗaya kwana a hostel ɗinsu. Shekara ta biyu ce aka fi tarewa. Sannan gadajen ba su kai yawan 'yan ƙungiya ba: reshe na iya samun mambobi ɗaruruwa, gidan kuma bai ɗaukar rabinsu. A irin wannan wuri da maki ake raba ɗaki, na karatu da na halartar taro da na riƙe muƙami. A inda mambobi suka yi kaɗan kuwa, abin juyewa yake: dole kowacce ta zauna shekara ɗaya ko biyu don kada gado ya zauna ba kowa. Wadda ta ƙi, ana iya ɗora mata kuɗin gadon.

Yaya rayuwar cikin gidan take?

Ƙasa wurin baƙi ne: falo, ɗakin cin abinci, ɗakin karatu, kicin. Sama wurin kwana ne, mutum biyu zuwa huɗu a ɗaki, banɗaki na haɗaka. Akwai wata dattijuwa da ke zaune a gidan dare da rana, ma'aikaciya ce mai albashi, 'yan matan na kiranta maman gida. Aikinta ya yi kama da na matiron a makarantar kwana, sai dai ita ba ta riƙe bulala: tana kula da masu girki da masu shara, ta kira mai gyaran famfo, ta san wadda ba ta da lafiya. Ladabtarwa aikin kwamitin 'yan matan ne da kansu.

Mai girki na dafa abincin rana da na dare a ranakun karatu. Na safe yawanci kowa ta haɗa abinta daga abin da aka ajiye. Asabar da Lahadi a gidaje da yawa ba a ɗora tukunya, sai ɗumame ko a saya a waje, kuma wannan kuɗi ne da ba kasafai ake sa shi a lissafi ba. Sau ɗaya a mako, sau da yawa daren Lahadi ko Litinin, akwai taron reshe da kowa sai ta halarta.

Akwai wani tsari a wasu tsofaffin gidaje na Jami'ar Indiyana da Jami'ar Purdue da na arewa maso yammacin ƙasar wanda zai ba baƙuwa mamaki. Ba a ɗakinki za ki kwana ba. Ɗakinki na ajiye kaya ne da karatu. Barci kuwa a wani babban ɗaki ake yi a can sama, cike da gadaje masu hawa biyu, duhu dare da rana, ba magana, ba kunna fitila, ga sanyi da gangan, ko an bar taga a buɗe ko an ƙure na'urar sanyaya ɗaki. Kowacce na da tarin barguna, wasu da bargo mai lantarki. A wasu gidajen ba a yarda da ƙararrawar waya ba: ki rubuta lokacin tashinki a allo, wadda ke kan aiki ranar ta zo ta taɓa ki a hankali. Waɗanda suka saba suna cewa ba su taɓa barci mai daɗinsa ba. Yarinyar da ta tashi a Sakkwato ko Maraɗi ta tambaya tun kafin ta sa hannu.

Dokoki biyu ne kusan ko'ina: ba a shiga da giya gidan, ko da kin kai shekara 21 da doka ta yarda a sha, kuma namiji ba ya wuce falo, shi ma da lokacinsa. Shi ya sa casun da giya ba a gidan mata ake yinsa ba, a gidajen ƙungiyoyin maza ne ko wuraren da aka kama haya.

To, nawa ne kuɗin?

Ba farashi ɗaya ba ne, ko a jami'a ɗaya. Amma kashi-kashin kuɗin iri ɗaya ne kusan ko'ina.

Akwai na shiga, wanda sau ɗaya ake biya: kuɗin sabuwar mamba, kuɗin rantsarwa, da kuɗin bajon ƙungiya, wani ɗan ƙaramin abin maƙalawa a ƙirji, wanda tsadarsa ta danganta da ko na zinariya ne ko an jera masa duwatsu. Shi ya sa zangon farko ya fi kowanne nauyi ga wadda ba ta tare ba. Akwai na kowane zango: kason hedkwata, kason reshe, inshora, da kason majalisar ƙungiyoyin jami'ar. Akwai kuɗin gini, wanda ke zuwa ga kamfanin da tsofaffin 'yan ƙungiya ke gudanarwa, su ne ke riƙe da gidan da bashinsa. Sannan kuɗin ɗaki da abinci ga wadda ta tare. Wadda ba ta tare ba ma ba ta tsira ba: akwai kuɗin amfani da falo da wuta da ruwa, a wurare da yawa har da kuɗin abincin dole.

Ɗauki Alabama, wadda ke cikin mafi tsada. Alƙaluman da aka fitar a 2021 sun nuna sabuwar shiga na biyan sama da dala 4,000 kaɗan a zango, wadda ke zaune a gidan sama da dala 7,000, wadda ke waje kuma wajen dala 3,600. Zango biyu ne a shekara, kuma wannan bai taɓa kuɗin makaranta ba. Dalilin tsadar a tsaye yake a bakin titi: gidan ƙungiyar Phi Mu da aka buɗe a can a 2016 ya ci kusan dala miliyan 13, kuma irin wannan bashi a kan 'yan mata masu shigowa ake raba shi shekara da shekaru. A ƙaramar kwaleji inda ba gida, ɗaruruwan daloli ne a zango. Tsakanin waɗannan biyun ne mafi yawan rassa suke.

Farashi na hawa kusan kowace shekara, don haka takardar bana za ku nema. Majalisar ƙungiyoyin kowace jami'a kan fitar da ita kafin a fara tantancewa.

Tsakanin gidan da hostel ɗin jami'a, wanne ya fi sauƙi?

A nan mutane ke shan mamaki. Idan ɗaki da abinci kawai aka auna, gidan sororiti sau da yawa daidai yake da hostel, wani lokaci ma ya fi araha, musamman a garuruwan da haya ta yi tsada. Wuta, ruwa, intanet da shara duk suna ciki, ba sayen kujera, ba yarjejeniyar haya ta wata goma sha biyu da mai gida.

Ga wadda ta riga ta shiga ƙungiya, shekarar zama a gidan ce ma ta fi riba, domin kuɗin da take biya tana waje, ta kuma biya haya daban, yanzu sun haɗe wuri ɗaya. Amma a ce yarinya ta shiga sororiti don neman ɗaki mai sauƙi, wannan lissafin dokin rano ne. Shekara ɗaya ko biyu za ta kwana a gidan, kuɗin ƙungiya kuwa shekara huɗu zai bi ta.

Akwai kuɗin da ba a rubuta a takarda ba?

Su ne ke karya mutane. Tun daga makon tantancewa, kowace rana da irin shigarta. Bayan an shiga, anko ba ya ƙarewa: riga mai tambarin ƙungiya ga kusan kowane taro, farar riga ta ranar rantsarwa, doguwar riga ta babbar liyafar shekara, ga gyaran gashi da takalmi da hoto. A shekara ta biyu za a ba ki ƙanwa daga cikin sababbi, kuma al'ada ce ki yi mako guda kina aika mata kwandon kyauta a ɓoye kafin ta san ke ce yayarta. Ba wanda zai ce dole ki kashe da yawa, amma kina ganin kwandon maƙwabciyarki.

Sai tara. Rashin zuwa taron dole ba tare da uzuri ba, musamman makon shirin tantance sababbi, yana jawo tara a rassa da yawa, haka jinkirin biya. Ki tambaya ko reshen na haɗa komai cikin kuɗin zango ne, ko kuwa kowace liyafa da kuɗinta. Reshen da ya fi tsada a takarda yana iya fin sauƙi a ƙarshen shekara.

A Kudu har sana'a ta fito daga ciki: mata masu koya wa 'yan mata yadda za su yi shiga da magana a makon tantancewa, wasunsu na karɓar dubban daloli. Ba dole ba ne, kuma ba su da ikon ba kowa gurbi.

Tallafin karatu zai iya biya?

Kuɗin ɗaki da abinci, wataƙila, gwargwadon sharaɗin tallafin. Kuɗin ƙungiya kuwa ba ya cikin abin da jami'a ke lissafawa a matsayin tsadar karatu. Idan gwamnati ce ko wata hukuma ke ɗaukar nauyinki, ki tambaye su a rubuce ko sun yarda a biya kuɗin masauki ga wani da ba jami'a ba.

Ɗalibar ƙasar waje ba ta da rabo a tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, kuma bizar ɗalibai ta F-1 ta taƙaita mata aiki zuwa awa 20 a mako lokacin karatu, a cikin harabar jami'a. Ƙungiyoyin na da gidauniyoyin da ke ba mambobi tallafi, kuma akan yarda a biya kaɗan-kaɗan duk wata, amma ba abin da za a dogara da shi ba ne tun daga farko.

Idan aka yi hutu fa?

Ana kulle yawancin gidajen: hutun ƙarshen Nuwamba, hutun hunturu na Disamba zuwa Janairu, hutun bazara, da dogon hutun shekara. 'Yar Amurka ta ja mota ta tafi gida. Wadda gidansu ke Kano ko Yamai sai ta nemi wurin kwana ko tikitin jirgi. Ku sa wannan a lissafi, domin hostel ɗin jami'a sau da yawa yana da tanadi ga ɗaliban waje, gidan ƙungiya ba lallai ba.

Musulma za ta iya zama a ciki?

Akwai waɗanda suka zauna, har da masu lulluɓi, kuma ba dokar da ta hana. Ta wata fuskar ma gidan ya fi hostel ɗin da ake haɗa maza da mata a bene ɗaya kwanciyar hankali: ba giya, ba namiji a sama, kina iya cire ɗankwalinki ki sha iska. Sai dai ki san akwai maza ma'aikata, masu girki ko masu hidimar teburi, a ƙasa.

Matsalar a wasu wurare take. Naman alade na cikin girkin yau da kullum, naman halal kuma sai an roƙa. Da azumi, lokacin abinci ba zai jira magariba ba, sai kin shirya da mai girki a ajiye miki, sahur kuma naki ne. Babban ɓangare na harkokin nishaɗi liyafa ce da ƙungiyoyin maza, kuma kuɗinki na ciki ko kin je ko ba ki je ba. Wasu ƙungiyoyin a kan tushen Kiristanci aka gina su, bikin rantsarwarsu na iya ƙunsar addu'a ko karatu daga Baibul. Ba za a faɗa miki sirrin bikin ba, amma kina da damar tambayar ko akwai abin da ya shafi addini a ciki, da ko za a ɗauke miki shi. Ki yi tambayar kafin rantsuwa.

Musulmin Amurka sun kafa nasu. Gamma Gamma Chi ta fara a 2005, Mu Delta Alpha kuma a 2016 a Jami'ar Tekzas da ke Dallas. Ƙanana ne, ba su da katafaren gida, kuɗinsu ma bai kai ko kusa ba.

Baƙar fata fa?

Tarihin bai da kyau. Shekaru da dama ƙungiyoyin nan na farare ne zalla. A Alabama sai a 2013, shekara hamsin cif bayan Gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar jami'ar don hana baƙaƙe shiga, jaridar ɗalibai ta Crimson White ta fallasa yadda ake toshe 'yan mata baƙaƙe, da hannun wasu tsofaffin mambobi. Bayan nan ne hukumar jami'ar ta sa aka sake buɗe ƙofa. An sami sauyi, amma har yau farare ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Baƙaƙen Amurka ba su zauna jira ba. Alpha Kappa Alpha ta fara a 1908 a Jami'ar Howard, Delta Sigma Theta a 1913, Zeta Phi Beta a 1920, duk a Howard, sai Sigma Gamma Rho a 1922 a Jami'ar Butler. Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce. Tsarinsu daban ne: ba makon layi a ƙofa, yawanci sai kin yi aƙalla zango ɗaya an ga makinki da aikin al'ummarki, kuɗin shiga mai nauyi ne a dunƙule, kuma galibin rassansu ba su da gidan kwana. Ƙarfinsu bayan kammala karatu ya fi bayyana, domin mata kan ci gaba da aiki a cikinsu har tsufa.

Me ake samu da ya kai wannan kuɗi?

Ƙawaye tun makon farko a jami'ar da ke da ɗalibai dubu talatin ko arba'in, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga baƙuwa. Abinci a dafe. Sa ido kan karatu, tunda wadda makinta ya faɗi akan ɗora mata awannin karatu na dole ko a dakatar da ita daga liyafa. Ga koyon shugabanci na gaske: ma'ajin babban reshe yarinya ce 'yar shekara ashirin da ke juya kasafin dubban ɗaruruwan daloli. Kowace ƙungiya kuma da aikin agajinta, kamar Tri Delta da ke tara wa asibitin yara na St. Jude kuɗi tun 1999. Sai hanyar tsofaffin mambobi wajen neman aiki, wadda ta fi amfani ga mai niyyar zama a Amurka. Wadda za ta dawo gida da digirinta, wannan ribar kaɗan ce za ta biyo ta.

Farashin da ba a faɗa shi ne lokaci da rashin wurin kaɗaitawa. Taro, aikin agaji, shirin tantancewa, duk suna cin awanni, kuma a gidan da mata hamsin ke kwana ba inda za ki rufe ƙofa ki zauna ke kaɗai. 'Yar injiniya ko mai shirin karatun likita ta auna da kyau.

Idan na tare na ga ba zan iya ba, zan iya fita?

Fita daga ƙungiya abu ne mai yiwuwa: ki rubuta takarda, ki biya bashin da ke kanki, a wasu ƙungiyoyin ki mayar da bajo. Kuɗin da kika riga kika biya ba ya dawowa. Yarjejeniyar ɗaki kuwa takarda ce daban, ta shekarar karatu guda, kuma sau da yawa tun watanni kafin tarewa ake sa mata hannu, har da hannun uba ko uwa a matsayin mai tsayawa. Barin ƙungiya ba ya soke ta kai tsaye. Ana iya ce miki ki kwashe kayanki tunda ke ba mamba ba ce, kuma a ci gaba da bin ki kuɗin gadon har sai an sami wadda za ta maye gurbinki. Bashin da aka ƙi biya akan miƙa shi ga kamfanonin karɓar bashi.

Kafin a sa hannu, ku nemi amsar waɗannan a rubuce: shekara nawa ne zaman dole, abinci sau nawa ne a mako, waɗanne ranaku ake kulle gida, nawa ne tara, me zai faru idan rashin lafiya ko matsalar biza ta sa ta bar makaranta a tsakiyar shekara, da kuma nawa aka ƙara a kan kuɗin bara.